Karya Tsayuwa Kafin Kaye: Darasi Ga 'Yan Kokawarmu Na Jidda

 

'Yan uwa masu bibiyar wannan shafi, darasinmu na wannan karo na samari ne, amma ina roƙon iyaye su ma su karanta shi, domin ya taɓa lafiyar 'ya'yansu. A 'yan shekarun nan wuraren motsa jiki sun yawaita a Jidda, kuma da dama daga cikin yaranmu sun shiga koyon kokawa iri-iri. Wasu judo suke yi, wasu jujitsu, wasu irin kokawar da ake yi a gasar Olamfik, wasu kuwa kokawar gida ce kawai suke yi a tsakaninsu idan sun haɗu. Ni da na tashi cikin kokawar kaka a ƙasar Maraɗi, na kuma koyi judo da girmana, wannan abu yana faranta mini rai ƙwarai.

Sai dai akwai abin da nake yawan gani a wurinsu wanda ya sa na ɗauki alƙalami. Yaro zai kama abokinsa alhali abokin yana tsaye daram a kan ƙafafunsa biyu, ya ciji leɓe, ya tattara iya ƙarfinsa ya ce sai ya ɗaga shi. In ya yi sa'a ya gaji a banza. In bai yi sa'a ba, ko dai ya ji wa bayansa ciwo, ko su zube tare wani ya faɗi a kan wuyansa. Asalin matsalar guda ce: ya nemi kaye tun bai karya tsayuwar abokin karawarsa ba. Duk kayen da ya amsa sunansa, an gama shi ne tun kafin jiki ya bar ƙasa, a daidai lokacin da mutum ya rabu da daidaiton tsayuwarsa. Wannan shi ne abin da nake so mu fahimta yau, daki-daki.

Mene ne tsayuwa?

Abu biyu ne suke riƙe da mutum a tsaye. Na farko shi ne cibiyar nauyinsa, wato wurin da za a ce nauyin jiki duka ya tattaru. Ga mutumin da ya miƙe tsaye, wannan wuri yana can cikin ƙugu, ƙasa da cibiya kaɗan. Na biyu shi ne gurbin ƙafafunsa, wato filin da tafukan ƙafarsa biyu suka mamaye haɗe da abin da ke tsakaninsu. Muddin cibiyar nauyi tana bisa wannan gurbi, mutum yana nan tsaye. Da zarar ta zarce bakinsa, abu biyu ne suka rage masa: ko ya yi sabon taku ya kai gurbin ƙarƙashinta, ko ya faɗi. Babu na uku, komai ƙarfinsa.

Iyayenmu mata sun san dalilin da ya sa duwatsun murhu suke uku. Tukunya ba ta zama a kan dutse biyu. To, ɗan Adam tukunya ce da aka ɗora a kan duwatsu biyu, kuma wurin da dutse na uku ya kamata ya kasance, nan ne raminsa. Ka dubi abokin karawarka, ka ja layi a zuciyarka daga ƙafarsa ta dama zuwa ta hagu. In ka tura shi ta tsawon wannan layi, ƙafa ɗaya za ta tokare masa, sai ka ga kamar garu kake turawa. Amma in ka tura shi ko ka jawo shi ta inda ya gitta layin, babu abin da zai tokare. Saboda haka kowace irin tsayuwa tana da rami biyu, ɗaya ta gabanta, ɗaya ta bayanta, kuma ramukan suna sauya wuri duk lokacin da mutum ya sauya taku.

Wanda ya taɓa tsayuwa a cikin bas ya san wannan ko ba a faɗa masa ba. Ba ya tsayawa ƙafafu a jere yana fuskantar direba, domin da an taka birki zai kifa. Yakan sa ƙafa ɗaya wajen gaban mota, ɗaya wajen bayanta. Amma wannan tsayuwar da ta tsare shi daga birki ita ce take ba da shi idan motar ta sha kwana. Babu tsayuwar da ta toshe kowace kafa, kuma a kan wannan gaskiya aka gina ilimin kaye gaba ɗaya.

Yadda jiki yake ceton kansa

Da a ce mutum turmi ne, da tura shi sau ɗaya ya wadatar. Amma Allah Ya halicci jiki da masu gadi uku da suke sanar da ƙwaƙwalwa halin da ake ciki: idanu, da wasu 'yan kafofi masu ruwa a can cikin kunne waɗanda suke jin karkatar kai da juyawarsa, da kuma jijiyoyin da ke tafin ƙafa da gaɓoɓi. Idan aka ɗan ture mutum, sai idon sawu ya gyara. Idan turin ya fi haka, sai ƙugu ya lanƙwasa ya gyara. Idan ya fi haka, sai ƙafa ta yi taku. Duk wannan yana faruwa cikin abin da bai kai daƙiƙa guda ba, ba tare da mutum ya yi shawara ba.

Darasin da ke nan shi ne karyayyar tsayuwa ba ta jira. Ƙofa ce da take buɗewa ta rufe kamar ƙiftawar ido. Wanda ya jawo abokinsa har ya ɗaga dunduniya, sa'an nan ya sassauta hannu don ya shirya shiga, ya mayar masa da abin da ya ƙwace. Dole jan ya ci gaba har ƙugu ko ƙafa ta isa wurin aikinta. Kuma daga nan ne za a gane aikin kowane irin kaye: a fitar da cibiyar nauyi daga gurbinta, sa'an nan a hana ƙafa yin takun da zai cece ta. Taɗiya, da harɗiya, da kwashe ƙafa, da sa ƙugu, duk sunaye ne na hanyoyin tare wannan taku.

Abin da muka gada a gida

Kokawarmu ta gargajiya makaranta ce babba ta wannan ilimi, domin ƙa'idarta ba ta ba da damar gyara kuskure. Babu ci gaba da fafatawa a ƙasa kamar yadda ake yi a jujitsu. Wanda ya kai ƙasa an kayar da shi, makaɗa su sauya kiɗa, magana ta ƙare. Shi ya sa za ka ga manyan 'yan kokawa sun daɗe a sunkuye, gwiwa a lanƙwashe, ƙugu a baya, suna ta taɓa kai da hannun juna. Wanda bai sani ba sai ya ce ɓata lokaci suke yi. Alhali kowannensu yana auna ɗan uwansa ne: a wace ƙafa nauyinsa yake, yaya yake amsawa idan an dafa ƙeyarsa, wace ƙafa yake fara ɗagawa.

A Jamhuriyar Nijar an mayar da wannan wasa gasar ƙasa tun 1975, lokacin da aka yi karon farko a Tawa, inda Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi. Filin kokawa na Maraɗi sunansa yake ɗauke da shi a yau. Jihohi takwas ne suke kawo 'yan kokawa goma-goma, kuma Isaka Isaka na Doso ya ɗauki takobin har sau shida. Hotunan bidiyon waɗannan gasanni suna nan a intanet. Ina shawartar kowane saurayi ya zaɓi kaye guda, ya rage gudun hoton, ya ƙyale hannaye, ya zuba wa ƙafafun wanda aka kayar ido. Zai ga cewa kafin a ɗaga shi ko a kwashe shi, ko dai dunduniyarsa ta bar ƙasa, ko nauyinsa duka ya koma ƙafa ɗaya, ko ƙafafunsa sun haɗe wuri guda.

Muna kuma da langa, wadda muka ɗauka wasan yara ce kawai. Yaron da ya riƙe ƙafa ɗaya da hannu yana tsalle a kan ɗayar, yana banke wasu yana kauce wa bankarsu, yana koyon abu biyu da babu na'urar da za ta koya masa: yadda zai riƙe cibiyar nauyinsa a kan ɗan ƙaramin gurbi, da yadda zai gane lokacin da abokin wasa yake sama bai dira ba.

Abin da mutanen Japan suka tsara

Abin da magabatanmu suka sani a jiki, wani malami a Japan ya zauna ya tsara shi a matsayin darasi. Sunansa Jigoro Kano. Sunan ya yi kama da na birninmu, amma babu wata dangantaka. An haife shi a 1860, mutum ne mai ƙaramin jiki, ya koyi tsohuwar jujitsu a wurin malamai daban-daban, sa'an nan ya kafa makarantarsa mai suna Kodokan a birnin Tokyo a 1882. Daga nan judo ta fito, har ta shiga gasar Olamfik a 1964.

Shi da kansa ya ba da labarin cewa malaminsa Iikubo ya saba kayar da shi, har wata rana al'amari ya juya, shi ya riƙa kayar da malamin. Da malamin ya tambaye shi dalili, sai ya bayyana masa cewa ya daɗe yana nazarin yadda ake karya tsayuwar mutum tukuna, kafin a shiga kaye. Wannan fahimta ita ce ta zama ginshiƙin koyarwarsa.

A judo an kasa kaye kashi uku. Na farko kuzushi, wato karya tsayuwa. Asalin kalmar tana nufin rushe abu. Na biyu tsukuri, wato shigar da jikinka wurin da ya dace. Na uku kake, wato zartar da kayen. Sun kuma lissafa fuskoki takwas da ake karya tsayuwa ta wajensu: gaba, baya, dama, hagu, da kusurwoyi huɗu da ke tsakaninsu. Amfanin wannan lissafi shi ne kowane kaye yana da fuskarsa. Kayen da ake ɗora mutum a ƙugu ko a kafaɗa yana bukatar nauyinsa ya zo kan yatsun ƙafa. Kayen da ake share ƙafarsa ta baya yana bukatar nauyin ya koma kan dunduniya. Wanda ya tura mutum baya sa'an nan ya juya zai goya shi, ya haɗa maganin wata cuta da wata cutar.

Hanyoyi biyar na karya tsayuwa

Ta farko ita ce ja ko turi kai tsaye zuwa ramin da muka ambata. Sharaɗinta shi ne ƙarfin ya fito daga ƙafa da ƙugu. Hannu igiya ce kawai. In kana so ka jawo mutum, riƙe shi da kyau ka ja da baya da jikinka duka, kana ɗan ɗaga shi sama domin ya hau kan yatsunsa. Wanda yake ja da damtse kaɗai, kansa yake jawowa zuwa ga abokin karawa.

Ta biyu ita ce aron ƙarfinsa. Duk wanda ya taɓa jan rago ranar jajibirin Babbar Sallah ya san halinsa: kana ja gaba, yana turjewa baya, in ka saki igiya ba zato sai ya zauna daɓas. Haka jikin mutum yake. In ka tura shi zai turo, in ka ja shi zai turje. Saboda haka in kana nufin gaba, fara tura shi baya da gaske har ka ji ya amsa, sa'an nan ka juya turin ya zama ja. A lokacin nan ƙarfinka da nasa sun bi hanya guda. Wannan ita ce hanyar da ƙaramin mutum yake kayar da ƙato, kuma gwargwadon ƙarfin turjiyarsa, gwargwadon saurin tafiyarsa.

Ta uku ita ce kama lokacin taku. Mai tafiya, a kowane taku, yana da lokacin da yake kan ƙafa ɗaya. Ƙafar da ta tashi tana neman sauka, nauyi ya fara komawa kanta amma ba ta kafu ba, ita ce mafi sauƙin sharewa. Ɗan taɓi da tafin ƙafa ya isa. In ka riga lokacin, ƙafar ba ta ɗauke da komai, zai ɗage ta kawai. In ka makara, ta riga ta kafu, sai ka doki ƙwaurinsa a banza. Don haka kada ka bar abokin karawa ya tsaya wuri guda. Sa shi tafiya, musamman ta kewaye, domin mai kewaye yakan haɗe ƙafafunsa ko ya gitta su.

Ta huɗu ita ce mallakar kai. Mahauta ba sa kayar da bijimi da ƙarfin ƙirji. Igiya suke sa wa ƙafa, wani ya kama ƙaho da hanci ya murɗa kan, sai ka ga dabbar da ta fi mutum biyar nauyi ta kwanta. Inda kai ya nufa, can jiki yake bi. Idan ka danne ƙeyar mutum, nauyinsa zai zo gaba. Idan ya ɗago da ƙarfi don ya ƙwace, ƙugunsa da ƙafafunsa sun buɗe. Idan ka karkatar da kafaɗunsa, hannu ɗaya yana ja ɗaya yana turawa kamar mai juya sitiyari, ƙashin bayansa ya bar miƙe, ƙarfinsa ya ragu. A nan sai an yi hattara: ana sarrafa kai ne a hankali, ba a fizgar wuya, ba a murɗa shi.

Ta biyar ita ce kafe nauyinsa a ƙafa ɗaya. Wannan kishiyar ta uku ce. Maimakon ka share ƙafar da ba ta kafu ba, sai ka danna nauyinsa duka a kan ƙafa guda har ya kasa ɗaga ta, sa'an nan ka sare ta ko ka harɗe ta. Ƙafar da take ɗauke da mutum duka ba ta iya gudu.

Akwai ƙa'ida guda da ta game duka biyar ɗin. In za ka ɗauki mutum, sai cibiyar nauyinka ta sauka ƙasa da tasa, kuma jikinka ya manne da nasa. Masu dako a kasuwa ba sa ɗaukar buhu da miƙaƙƙun hannaye daga nesa. Sukan durƙusa su shiga ƙarƙashinsa, su miƙe da cinya, baya a miƙe. Wanda ya sunkuya da baya ya ɗaga mutum, ƙashin bayansa ne zai biya bashin, ko yau ko bayan shekaru.

Tsare taka tsayuwar

Duk abin da ka karanta a sama, abokin karawarka ma yana nemansa a jikinka. Saboda haka ka buɗe ƙafafu kimanin faɗin kafaɗa. In ka haɗe su gurbinka ya ƙanƙance, in ka wage su da yawa ba ka iya taku. Ka sassauta gwiwa. Ka riƙa jan ƙafa kusa da ƙasa, kada ka gitta ɗaya a kan ɗaya. Kada ka jingina nauyinka a jikin abokin karawa, domin wanda ya jingina da kara, ranar da aka zare karan tare za su tafi. Kada ka sandare. Sandararren jiki kamar icce yake, ana taɓa reshe sai gindi ya motsa. In an tura ka, kada ka mayar da turi ido rufe, ka kauce gefe ka bar turin ya wuce. Kuma ka sani cewa lokacin da ka fi kowane lokaci rauni shi ne lokacin da ka shiga kaye ka kasa, domin a sa'an nan kai ne a kan ƙafa ɗaya ko ka ba da baya. Wannan ma wani dalili ne na kada ka shiga sai ka ga ƙofa a buɗe.

Atisaye da yanayin Jidda

Ga abin da nake ba masu farawa. Mutum biyu su tsaya suna fuskantar juna, ƙafafu a kafe, su haɗa tafukan hannu, kowa ya nemi sa ɗan uwansa ya ɗaga ƙafa ta hanyar turi ko janye hannu. Bayan haka su riƙe juna su yi ta tafiya gaba da baya da kewaye, ɗaya ya rufe ido yana faɗin ƙafar da nauyin ɗan uwansa yake kai. Sa'an nan su bi fuskoki takwas ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, a karya tsayuwa kawai a tsaya, ba kaye. A rufe da langa. Minti goma sha biyar na wannan a kowane zama ya fi awa guda ta kiciniya amfani.

Amma kafin duk wannan, sai an koyi faɗuwa. A makarantun judo ita ake fara koyarwa. A manne haɓa da ƙirji don kada ƙeya ta bugi ƙasa, a lanƙwasa baya a mirgina, a bugi shimfiɗa da tsawon hannu. Kada a taɓa miƙa hannu a dafa ƙasa don tare faɗuwa, domin ta nan ake samun karayar wuyan hannu da gocewar gwiwar hannu ko kafaɗa. Shi ma mai kayarwa amana ce a hannunsa: ya riƙe hannun ɗan uwansa har ya sauka, kada ya faɗa masa a ƙirji.

Garin nan yana da nasa hali. Zafi da laimar teku suna sa gumi ya yi yawa, fata ta yi santsi, riƙo ya riƙa kuɓucewa. Wannan yana koya wa mutum dogaro da taku da lokaci fiye da matsa hannu, amma yana kuma bukatar a sha ruwa sosai, a zaɓi bayan La'asar ko dare. A gida a kan rairayi muke kokawa. A nan kuwa gidajenmu tayil ne da siminti, kuma tun da aka rushe tsofaffin unguwanni irin su Karantina da Sabil da Gulail a 2021 da 2022, jama'armu ta warwatsu, yara da yawa sun koma wasa a falo da saman bene. Ina roƙon iyaye da babbar murya: kada a bar yara su yi kokawa a kan tayil. Ko a kan katifar wasa, ko a kan yashi mai laushi da aka tsince, kuma da babba a wurin.

Haka nan a fahimtar da yara bambancin kokawa da wasan kamfanin WWE, wanda aka kawo filin wasa na Sarki Abdullah a nan Jidda a watan Afrilun 2018, yara kuma suke kallonsa a waya. Wancan shiri ne da aka tsara. Wanda ake ɗagawa yana taimaka wa mai ɗaga shi, dukansu sun shekara suna koyon faɗuwa, dandalin kuma an yi shi ne ya rage bugu. Yaron da ya kwaikwayi wannan a kan ƙanensa yana iya jawo raunin laka, wanda ba a cika warkewa daga gare shi ba.

Ga wanda ya fito daga kokawar gida ya shiga judo, ya sani cewa a gasannin duniya an hana kama ƙafa da hannu a tsaye tun 2013. Ya tambayi malaminsa ƙa'idar kowane fage kafin ya shiga.

Kokawa a wannan ƙasa mai tsarki

Tafiyar kimanin awa guda ce a mota daga nan zuwa Makka, inda malaman tarihi irin su Ibnu Ishaƙ suka kawo labarin Rukana ɗan Abdu Yazid, Baƙuraishen da ya shahara da ƙarfi, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kokawa da shi ya kayar da shi. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito asalin labarin. Malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinsa, wasu kuma sun ƙarfafa shi saboda haɗuwar hanyoyinsa. Haka kuma a shekara ta 3 bayan Hijira, gab da yaƙin Uhudu, an mayar da ƙananan yara gida, aka bar Rafi'u ɗan Khadij saboda gwanintarsa ta harbi. Sai Samura ɗan Jundub ya ce ai shi yana kayar da Rafi'u. Aka sa su kokawa, ya kayar da shi, shi ma aka ba shi izini. Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 911 bayan Hijira, malamin nan na Masar da ya rubuta wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha, yana da ɗan littafi sukutum a kan kokawa. Saboda haka wasan yana da asali a wurinmu, matuƙar an rufe al'aura, an nisanci caca da cutarwa, ba a dogara da laya ko guru ba, kuma bai hana salla a kan lokacinta ba.

Akwai kuma hadisin Abu Huraira da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wanda ma'anarsa ita ce ƙarfi na gaskiya ba a yawan kayar da mutane yake ba, yana ga wanda ya mallaki kansa lokacin fushi. Ɗan kokawa yana ganin gaskiyar wannan tun a cikin fage. Mai fushi yakan sandare, numfashinsa ya hau sama, ya sa kai gaba, ya yi turi ba lissafi. Wato ya karya tsayuwarsa da kansa, ya miƙa wa abokin karawa hanya ta biyu kyauta. Tsofaffin 'yan kokawa sun san haka, shi ya sa wani yakan tsokani abokinsa da gangan tun kafin a kama.

Wannan ya fi ƙarfin fage ga mu da muke zaune a ƙasar mutane. Saurayin da ya iya kaye, wani ya zage shi a titi ko a wurin aiki ya kama shi ya maka da ƙasa, cikin daƙiƙa biyu yana iya jawo wa kansa ɗauri, da diyya, da rasa iƙama, ya jefa iyayensa cikin tashin hankali. Faɗuwa a kan kwalta ba irin ta katifa ba ce, kai ɗaya ne in ya bugu ya bugu. Duk wanda aka koya wa wannan ilimi, an ɗora masa nauyin ya fi kowa haƙuri. In an tsokane ka, ka tuna turi ne ake yi maka don a ga ko za ka turo. Ka kauce, ka bar shi ya wuce.

Saboda haka, ƙannena, a zama na gaba kafin ka kama ɗan uwanka, dubi ƙafafunsa, ka nemi inda dutse na uku ya ɓace, ka sa shi taku, ka jira ƙofa. In ba ta buɗe ba, kada ka shiga. Iyaye kuma su tambayi duk mai koyar da 'ya'yansu tambaya ɗaya: shin ka fara koya musu faɗuwa? Amsarsa za ta nuna musu ko a hannun malami yaran suke.

Allah Ya ƙara mana lafiya da ƙarfin da za mu bauta maSa da shi, Ya tsare mana zuriyarmu a inda duk suke, Ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu.